VAR a Saman Motar Kasuwa

Ni tela ne, kuma matsoraci ne. Na faɗi wannan tun da farko don kada wani ya karanta abin da zan rubuta ya zaci jarumi ke magana. Shagona yana kan hanyar kasuwar dabbobi a Tawa, kuma in bijimi ya kwance ranar kasuwa, ni ke fara jan ƙofa. Taron mutane ba na son sa, ko na biki ne. Da hayaniya ta tashi, cikina ke fara amsawa kafin kunnena.

Yayana ba haka yake ba. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma abin da Allah ya hana ni shi ya zuba masa. Malamin motsa jiki ne a wata kwaleji, kuma a lokacin arbitir ne, wato alƙalin wasan ƙwallo, irin waɗanda ake aiko wa daga ƙauye su je su busa wasa, a sallame su da fura da godiya. Ya girme ni nesa. Shi ya riƙe ni shekarun da mahaifinmu ya yi yana ci rani a Abijan, kuma har yau Auta yake ce mini, ga furfura a gemuna. Rigar alƙalancinsa ma ni na ɗinka masa, baƙa, da aljihun ƙirji mai zurfi mai zif, don katin gargaɗi kada ya zube in yana gudu.

Abin nan da ake kira VAR a tele, wato talabijin, muka fara ganinsa kamar kowa. Arbitir ya tsayar da wasa, ya dafe kunne yana sauraron wasu da ke zaune a ɗaki, sai ya zana akwati a iska da yatsu biyu, ya ruga gefen fili ya sake kallon abin da ya faru. Mutanen Tawa suka ɗauki zanen nan suka mayar da shi abin wasa. Direban kabu-kabu na gardama da fasinja, sai ka ga ya zana akwati. Wata hajiya ta zo karɓar ɗinki, ta ce hannun riga ya gajarce, na ce haka ta auna, sai ga baiwar Allah ta ɗaga yatsu ta zana mini akwati a gaban yaran shago. Dariya muka yi ranar har na sake mata hannun.

Shi Yaya abin bai ba shi dariya ba. Da can in ya busa usur, a zage shi, a zagi kakanninmu, a ci gaba da wasa. Yanzu kowa na riƙe da waya a bakin fili. Da an yi gardama sai a yanyame shi, kowa na cusa masa tasa a ido. Wannan ya ɗauko daga bayan kan mutane, wancan hannunsa na rawa, wani ma ƙafafu kawai ya ɗauko da ƙura. Kowace waya da abin da take nunawa, kuma duk mai waya ya rantse tasa ce gaskiya. Sau da yawa yakan biyo ta shago bayan wasa, ya zauna a kan benci ya cire takalmi, ya ce mini aikin nan ya fara fin ƙarfin mutum ɗaya.

To, damina ta zo. 'Yan ci rani sun dawo noma, 'yan makaranta na hutu, ƙauyuka sun cika da samari. A wani yanki can bayan Kalfu, wani ɗan kasuwa da ya dawo daga waje ya sa kofi da rago a yi gasa. Aka yi ta bugawa har aka zo wasan ƙarshe, ya faɗo tsakanin ƙauyuka biyu da ba zan faɗi sunansu ba. Ɗaya a kan tudu yake, ɗaya a gangare, kuma akwai tsohuwar jiƙaƙƙa tsakaninsu a kan wani tafki da suke shayar da dabbobi. Duk wanda ya san yankin ya san ba ƙwallo kaɗai za a buga ba.

Masu shirya gasar suka zauna suka fito da dabara, kuma a ganinsu dabarar zaman lafiya ce. Suka ce tunda wayoyi ke kawo rigima, a yi waya ɗaya tak wadda kowa ya yarda da ita. A ajiye motar kasuwa a gefen fili, a ɗora mutum a samanta ya ɗauki wasan tun daga farko har ƙarshe. In an yi gardama, arbitir ya je ya duba shi kaɗai, kamar yadda ake yi a tele, kuma abin da ya yanke ya zauna. Dattawan ƙauyukan biyu suka amince, aka yi fatiha a kai.

Sai ga Yaya a shago da wata irin fara'a da na san ba ta banza ba ce. Ya ce, “Auta, ina wayar nan taka da ɗan ɗakinmu ya aiko maka daga Abijan, wadda kake ɗaukar ɗinki da ita?”

Na ce ga ta, lafiya?

Ya zayyana mini komai, ya ƙare da cewa ni aka zaɓa. Wayata ta fi ta kowa ɗauka, kuma hannun tela ba ya rawa.

Na ce, “Yaya, rufa mini asiri. Ni da ko zanen suna ba ni zama har a watse, ni za a ɗora bisa mota tsakiyar ƙauye biyu? Kuma ka manta mai ɗakina 'yar tudu ce? Ƙanenta ne fa ke buga musu gaba.”

Ya ce bai manta ba, ya faɗa wa masu shiryawa, ya faɗa wa mutanen gangare, kuma ya ce musu shi ya tsaya mini. “Ba abin da za ka yi sai tsayuwa. Magana tau ce, hukunci nau ne. Kai dai ka riƙe waya.”

Ban taɓa iya ce wa mutumin nan a'a ba. Na yi ta ƙunƙuni, na ce in an kashe ni shi zai riƙe mini 'ya'ya, ya ce ya ji. Ranar wasa na hau bayan motonsa, wato babur, muka kama hanya.

Gero ya yi tsayi ya fara fidda kai, hagu da dama kore shar, sai jan dutse nan da can. Amma zafin ranar ba na wasa ba ne. Irin zafin nan ne na damina da hadari ke haɗuwa ya ƙi zubowa, iska ta tsaya cak, riga ta manne wa mutum a baya. Filin fako ne a bayan gari, an ja layi da toka. Ragar gola kuwa babu raga, itace biyu ne aka kafa aka gicciya na uku a sama. Na lura da wannan tun da muka iso, amma ban kawo komai a raina ba.

Ban san ƙauyuka biyu na iya fidda jama'a haka ba. 'Yan tudu sun kama gabas, 'yan gangare sun kama yamma, wasu a kan amalanke, wasu a kan itace. Makiyaya da yawa sun zo kallo kai tsaye daga daji, kowa da sandarsa a kafaɗa. Ba don faɗa suka zo da su ba, haka suke yawo kullum, na sani. Duk da haka idona ya kasa barin sandunan.

Motar na nan a tsakiyar layin gefe, tsohuwar farar mota mai ƙarfen ɗaura kaya a sama. Kafin in hau, wani dogon mutum daga gangare, wanda ke kula da 'yan wasansu, ya tare ni ya ba ni hannu. Ya riƙe hannun bai saki ba. Ya ce, “Kai ne surukin tudu?”

Na ce ni ne.

Ya ce, “To, madalla. Malam ya ce shi ya tsaya maka, mun yarda. Amma ka riƙe ta da kyau. In munka zo dibawa anka ce wani abu ya ɓace, mun san hannun da ya ɓatar.” Da murmushi ya faɗa, har da dafa mini kafaɗa.

Na hau. Rufin motar ya sha rana tun safe, zafinsa na ratsa takalmina, sai da direba ya jefo mini buhu na shimfiɗa. Na haɗa wayar da batirin caji na sa shi a aljihu, na ɗaga ta da hannu biyu. Yaya ya dubo ni daga tsakiyar fili, na gyaɗa kai, ya busa.

Ni ban san ƙwallo sosai ba, kuma ranar ban kalli wasa ba, ɗan gilashin waya kawai nake kallo ina bin ƙwallo da shi. Kafin hutun rabin lokaci aka yi gardamar farko. 'Yan gangare suka ce ƙwallo ta taɓa hannun wani ɗan tudu. Yaya ya tsayar da wasa, ya zana akwati a iska, fili ya ɗauki shewa. Ya zo gindin mota, na durƙusa na miƙa masa, ya mayar da hoton baya ya kalla, sai ga hannun ƙuru-ƙuru. Ya koma ya ba 'yan gangare bugu. Har 'yan tudu sai da suka tafa, don abin ya burge kowa, ga shi yau a ƙauyensu ana yi kamar a tele. Dogon nan ya ɗago mini babban yatsa. Wallahi har na ɗan ji kaina ya kumbura. Ban san wannan duba na farko shi zai ɗaure mu ba, don daga nan kowa ya sakankance cewa duk abin da ya faru a filin nan yana cikin wayata.

Aka dawo daga hutu babu wanda ya ci. Wasa ya yi zafi, ita ma waya ta yi zafi. Da farko ɗumi na ji a yatsuna, na ce rana ce. Can sai ta zama kamar dutsen guga da aka manta a kan gawayi, ina canja yatsu ina riƙe ta da gefe-gefe. Wasa ya kusa tashi, 'yan tudu sun taso da ƙwallo daga tsakiya, sai wani rubutu ya fito a gilashin da Faransanci, wai na'ura ta yi zafi da yawa. Hoton ya tsaya. Gilashi ya dushe, sannan ya yi baƙi.

Na danna, shiru. Na cire igiyar caji na sake dannawa, shiru. Na hura mata iska da baki, na cire hula ina yi mata fifita. Na leƙa ƙasa in nemi direba ya ba ni ruwa in jiƙa ƙyalle, ya tafi kallo. Waɗanda ke jingine da motar kuwa 'yan gangare ne, ƙeyarsu kawai nake gani da kan sanduna. Wa zan ce wa waya ta mutu? Na ɗaga hula ina kaɗa wa Yaya ko zai waiwayo ya tsayar da wasa, amma yana can yana gudu, bayansa ne a wajena. Na sake sunkuyawa kan wayar ina roƙon Allah, ina roƙonta ita ma kamar tana ji.

Ina sunkuye ihun ya tashi.

Da na ɗago, ƙwallo tana can bayan gola tana gangarawa cikin gero. Ƙanen matata ya tuɓe riga yana gudu, 'yan tudu sun ɓarke cikin fili. Yaya ya nuna tsakiya, alamar an ci. Golan gangare kuwa ya rungume itacen hagu yana dukansa da tafin hannu, yana nuna cewa ta waje ta bi. Babu raga da za ta riƙe ƙwallo ta raba gardama. Ta ciki ta wuce ko ta waje, tazarar ba ta fi tafin hannu ba, kuma ƙura ta tashi a wurin.

Sai na ga hannaye sun tashi sama. Gabas da yamma, yaro da babba, kowa na zana akwati a iska. 'Yan gangare na so a duba don sun tabbata ba ta shiga ba, 'yan tudu na so a duba don sun tabbata ta shiga. Ba a taɓa samun abin da ƙauyukan nan biyu suka haɗu a kansa ba sai ranar, kuma abin da suka haɗu a kansa shi ne mataccen ƙarfen da ke hannuna.

Yaya ya ɗaga hannu a yi shiru. Ya zana akwatin a natse, ya juyo ya nufo ni. Jama'a suka biyo bayansa.

Na sha jin tsoro a rayuwata, amma ban san akwai irin wannan ba. Na durƙusa tun kafin ya iso, mutane suka zaci shirin miƙa waya nake. Abin da ke yawo a kaina ɗaya ne: surukin tudu, ƙanen matarsa ya ci, kuma daidai nan hoto ya ɓace. Ko ni aka ba wannan labarin ba zan yarda zafi ne ba. Na duba inda zan dira in gudu, ko'ina kawuna ne. Na hango dogon nan yana ratso mutane, babu sauran murmushi a fuskarsa. Na tuna 'yata ƙarama da na baro tana wasa da ƙyallaye a ƙofar shago, na ce shi ke nan, na gama ganinta.

Yaya ya iso, gumi na zuba daga haɓarsa. Ya daka wa mutane tsawa su ja baya, ya ce ƙa'idar da aka yi fatiha a kanta ita ce shi kaɗai zai duba. Suka ɗan ja, ba da nisa ba. Ya miƙo hannu, na sa masa wayar. Na ga yatsunsa sun zabura da zafin, amma bai sake ta ba. Ya dubi gilashin. Babu komai a ciki sai fuskarsa.

Na sunkuyo kamar mai nuna masa wurin dannawa, na ce da muryar da ni ma da ƙyar na ji, “Ta mutu, Yaya. Zahi ne. Ba ta ɗauka ba.”

Bai ɗago ba. Ko girarsa ba ta motsa ba. Sai ya matso da wayar kusa da fuskarsa, ya kewaye ta da tafin hannu kamar mai kare hasken rana, ya juya wa jama'a baya ya fuskanci jikin mota. Ya sa yatsa yana ja a kan baƙin gilashin kamar mai mayar da hoto baya. Ya tsaya. Ya sake ja. Ya gyaɗa kai a hankali. Fili ya yi tsit, har kukan akuya nake ji daga cikin gari. Ni dai ina durƙushe ina kallon tsakiyar kansa, inda gashi ya fara zubewa, ina jira ya juya ya faɗa musu.

Ba tare da ya ɗaga kai ba ya ce, “Auta, saurara. In na juya, za su bi ni. Ka sauka ta bayan mota ka shiga gero. Kada ka yi gudu, tahiya za ka yi.”

Na ce, “Yaya, kai fa?”

Ya ce, “Na ce maka hukunci nau ne.”

Ya zura wayar a aljihun ƙirjinsa, ya ja zif. Ya juya ya ratsa mutane da tafiyar nan tasa ta malamin makaranta, ba sauri ba nawa, suna buɗa masa hanya suna bin sa. Sai da ya kai tsakiyar fili, nesa da motar, sannan ya sa usur a baki ya busa, ya nuna ƙasa. Ƙwallo ta shiga.

Gabas ta ɗauki guɗa, yamma ta ɗauki wani abu da ba zan kira shi ihu ba. Kafin in farga gindin motar ya zama wayam, ba wanda ya ko waiwaye ni. Na sulale ta baya, ƙarfen ya ƙona mini ciki ban ji ba sai daga baya. Na taka a hankali kamar yadda ya ce, ƙafafuna na son gudu ina hana su, har na shige gero. Ban yi nisa ba. Na tsuguna ina leƙe ta tsakanin kara.

Sun kewaye shi. Ina jin muryar dogon nan sama da ta kowa yana cewa, “A nuna muna. In gaskiya ce a nuna muna mu gani da idonmu.” Ina jin Yaya yana amsawa cewa shi ya duba, shi ya yanke, kuma haka dattawansu suka yarda. Wani ya kai hannu aljihunsa. Yaya ya dafe aljihun da hannun dama. Wani ya ja ta ɗaya gefen, ya ɗora na hagu a kai. Daga nan aka fara turereniya, 'yan tudu suka rugo, ƙura ta tashi, na daina gane waye wane.

Abin da na gani da idona, kuma har yau nake gani, sanda ce ta tashi sama a bayansa ta gefen hagu. Duk ɗan Adam in ya ji sanda na zuwa, hannu yake ɗagawa ya kare kai. Yayana ya ji ta, don na ga ya ɗan karkata. Amma hannayensa biyu na kan ƙirjinsa, kuma bai ɗaga ko ɗaya ba. Ta same shi a kan kunne. Ya durƙushe, sannan ya kife rub da ciki, ya danne aljihun da jikinsa.

Na so in tashi, wallahi na so. Jikina ya ƙi. Na cusa hula a baki ina cizo don kada kukana ya fito.

Wani tsoho ne ya cece shi, kuma daga gangare yake. Ya kutsa da ƙyar, ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe Yaya da ita, ya tsaya a kansa da 'yar shara, ya ce duk mai son ƙara duka ya fara da shi. A wajenmu ba a ɗaga sanda a kan rigar dattijo. Samari suka tsaya suna huci. Sauran dattawa suka shigo tsakani, can sai ga motar jandarma da aka aika a kira, taro ya fara watsewa. Sai a lokacin ƙafafuna suka yarda suka ɗauke ni.

Ɗakin shan magani mafi kusa muka kai shi, ana kiran magariba. Jini na fita daga kunnen hagu ya jiƙa wuyan riga. Ma'aikaciyar jinya ta so ta cire masa rigar, ta kasa, don hannayensa na nan a ƙirji sun ƙanƙame, sai da na riƙa ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya ina kiran Yaya, Yaya, ni ne. Ya buɗe ido ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni. Sannan ya yi magana da ƙarfi sosai, irin na wanda ba ya jin muryar kansa, har ma'aikaciyar ta firgita. Ya ce, “Auta, sun taɓa ka?”

Na girgiza kai. Ya lumshe ido.

Na buɗe zif ɗin na ciro wayar. Ta huce. Ina dannawa ta kawo haske lafiya lau, kamar ba ita ba. Na duba abin da ta ɗauka. Ya ƙare a tsakiyar fili, ƙwallo a ƙafar wani yaro, nesa da gola.

An kawo shi Tawa, an yi magani, rauni ya warke, amma kunnen bai dawo ba. Ya yi watanni in ya tashi tsaye sai jiri ya ɗebe shi. Ya gwada busa wasan 'yan makaranta sau ɗaya, ya dawo ya ce in an kira shi ba ya gane ta ina murya ta fito, sai ya yi ta juyawa yara na dariya. Ya kawo mini baƙar rigar ya ce in ba wani. Tana nan a ƙasan akwatin shago, ban ba kowa ba.

Har yau mutanen yankin sun ɗauka hoton yana nan. Ƙanen matata na bugun ƙirji cewa shi ne mutum na farko da VAR ta tabbatar wa ƙwallo a duk ƙasarmu ta Adar, in ya zo gidana ya ci tuwo ya ba ni labarin kamar ba na wurin. 'Yan gangare kuwa suna shigowa kasuwar dabbobi, kuma hanyarsu ta gaban shagona ce. Dogon nan yakan tsaya a ƙofa, ya yi sallama, ya tambayi iyali, sannan ya ce, “Tela, tsakaninka da Allah, ta shiga?” Kullum amsata ɗaya ce, arbitir ne ya duba, ni riƙewa kawai na yi. In ya tafi sai na ajiye almakashi, don hannuna ba ya yankan kirki sai an jima. Shi ya sa ban sa sunan kowa a rubutun nan ba.

Na taɓa tambayar Yaya ko ta shiga ɗin. Ya ce a yadda ya hango ta shiga, amma akwai ƙura, kuma akwai mutum a gabansa. Ya tambaye ni ni fa, tunda ina sama. Na ce kaina na sunkuye. Ya yi dariya har da tari, ni ban yi ba.

Ranar da ake babban wasa nakan rufe shago da la'asar in je gidansa mu kalla a tele. In an yi gardama, arbitir ɗin can ya tsaya ya dafe kunne yana sauraron mutanensa na ɗaki, sai in ga hannun Yaya ya tashi a hankali ya dafe nasa na hagu. Bai san yana yi ba, ni kuma ban taɓa faɗa masa ba. Matarsa ta riga ta saba, kafin in iso takan ajiye mini kujera a damansa, don ta nan ne yake jin abin da nake cewa.